Gauraya kiɗa ba yau aka fara ba

Jama'a, da zarar wani yaro ya ɗora kalangu a kan kiɗan zamani, sai a hau cewa an kashe al'ada. To, mu ɗan waiwaya baya.

A 1977 marigayi Bala Miller, ɗan asalin Zariya, ya kafa ƙungiyarsa ta Great Music Pyrameeds of Africa. Ya haɗa jita da kayan busa na Turawa da salon highlife, yana rera waƙa da Hausa. "Ikon Allah" tasa ce.

A Amurka ma an yi makamancin haka. A 1993 ƙungiyar Cynic ta jihar Florida ta fitar da kundin Focus, ta cusa jazz cikin death metal, kiɗan nan mai ƙarar tsiya da gurnani. Masoya salon da yawa suka juya musu baya, a 1994 ƙungiyar ta watse. A 2004 aka sake buga kundin, yau makaɗa na koyi da shi.

Su sun adana nasu. Mu fa? Shiga Gyaɗi-Gyaɗi ka tambayi matasa wane ne Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ka sha mamaki. Don Allah duk mai faifansa ko kaset ɗinsa a gida, ya sa a kwafe kafin su lalace.