Kokawa da Darajar Suna a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, ƙasa ce ta rairayi da ƙarancin ruwan sama, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, sauran shekara kuwa kaka ce da hunturu da bazara mai tsanani. Wannan yanayi shi ya raba wa manoman yankin lokacin aiki da lokacin wasa tun zamanin da, domin da zarar an yanke gero da dawa, an rore wake, an ɗaure dami an kai rumbu, sai samari su sami ƙoshi da sarari a lokaci guda, abubuwa biyu da ba kasafai suke haɗuwa a hannun talaka ba. A wannan tsakani ake kokawa da dambe da langa. Masu yin su manoma ne da mahauta da makiyaya da masaƙa, waɗanda gari na wayewa kowa zai koma bakin sana'arsa, kuma babban abin da suke nema a fage shi ne suna, wato a san su a garinsu da garuruwan maƙwabta, a riƙa ambatonsu bayan ƙarfi ya ƙare.

Tarihin masarautar yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa ƙarfin jiki ya sami irin wannan daraja. Mangawa ne suka kafa sarautar a tsakiyar ƙarni na 18, ta kuma kasance ƙarƙashin inuwar Borno, ba ta shiga Daular Usmaniyya ba ko bayan jihadin da aka fara a 1804, lamarin da ya bar ta a tsakiyar maƙwabta masu ƙarfi, Kano da Haɗeja daga kudu, Damagaram daga arewa. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma, wanda ya yi mulki daga 1828 zuwa 1851, aka taso da gidan sarauta daga Tumbi zuwa Gumel, kuma yaƙe-yaƙe da Haɗeja suka ci gaba har zuwa 1872, shekarar da Sarki Abdullahi ya rasu a fagen fama. A ƙasar da hari ke iya faɗo wa ƙauye a kowane rani, sanin wane saurayi ne mai ƙarfin damtse da tsayayyar zuciya ba ƙaramin ilimi ba ne ga dattawa, kuma dandali ne wurin da ake samun wannan sani ba tare da an zubar da jini ba. Ga kuma kasuwa. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka Gumel a 1851, ya same ta babbar matattarar cinikin kanwa tsakanin ƙasar Borno da ƙasashen kudu har Nupe. Duk inda fatake ke sauke kaya akwai mahauta, duk inda mahauta suke akwai kalangu, kuma taron baƙi da 'yan gari a yammacin ranar kasuwa shi ne abin da ɗan kokawa yake bukata don bajintarsa ta yi tafiya.

Yadda ake shirya fagen bai sauya sosai ba a ƙauyuka. Jama'a sukan yi da'ira a fili mai laushin yashi, sau da yawa a daren farin wata ko da la'asar sakaliya, makaɗa su zauna a gefe guda, yara ƙanana su fara buɗe wasa kafin a kai ga manya. Ɗan kokawa yakan shigo da walki, wato fatar da ake ɗaurawa a ƙugu, da kambu a damtse da guru a kwankwaso, waɗanda layu ne da aka ɗinke cikin fata don neman sa'a da tsari. Yakan zaga fili yana taka rawa, ya tsaya gaban makaɗa ya yi kirari, sannan ya nufi wanda yake so ya miƙa masa hannu. Idan an karɓi gayyata, su biyun sukan sunkuya su ɗebi ƙasa su murza a tafi don kada gumi ya sa riƙo ya suɓuce, su daɗe suna kai hannu suna janyewa, kowa yana auna nauyin ɗan'uwansa da inda yake ajiye ƙafa. Kaye, wato kai abokin karawa ƙasa, yakan zo ne cikin ƙiftawar ido, ta hanyar taɗiya ko harɗiya ko sunkutar mutum gaba ɗaya, kuma sau da yawa mai dabara ne yake ka da mai jiki. Daga nan sai guɗa ta tashi daga wajen mata, abokai su ɗauki gwaninsu a kafaɗa, masu hali su miƙa goro ko kuɗi ko hula, wani lokaci har riga.

Kyautar ba ta kai ta riƙe gida ba, kuma akasarinta takan ƙare a hannun makaɗa da maroƙa kafin a watse. Ba asara ba ce a idon ɗan wasan, domin makaɗi shi ne ma'ajiyin tarihinsa. Saurayin da ya yi fice yakan sami take, wato wani salon kiɗa da aka keɓe masa, wanda da zarar an buga shi jama'a sun san wa ake kira ko da ba a ambaci suna ba, yakan kuma sami laƙabi da kirari da ke ƙaruwa gwargwadon yawan mazajen da ya kayar. Abin lura a nan shi ne ma'aunin da ake amfani da shi. Ba a ƙidaya bajinta da yawan wasanni, ana ƙidaya ta ne da sunayen waɗanda aka kayar da wuraren da aka kayar da su, ta yadda za a ce wane shi ne ya ka da gwanin gari kaza a ranar kasuwa kaza, a shekarar da aka yi fari ko shekarar da aka naɗa hakimi. Saboda haka darajar mai nasara a ɗaure take da darajar wanda ya faɗi, kuma babu mai hankalin da zai wulakanta abokin karawarsa, tunda rage masa ƙima rage wa kai ne. Wannan tsari yana da adalcin da ya cancanci a yaba, domin ya bai wa ɗan talakan da ba shi da gadon sarauta ko na malanta ko na dukiya wata hanya ta shiga bakin mutane da gumin jikinsa kaɗai, kuma an sha ganin iyayen yarinya sun sassauta wa saurayi a maganar aure saboda sunan da ya yi a fage. Misali mafi shahara a ƙasar Hausa na yadda waƙa ke raya bajinta daga fagen dambe ya fito, inda waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace suka sa sunan Shago ya kai kunnen mutanen da ba su taɓa ganin damben nasa ba. Abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago a faɗin ƙasa shi ƙananan makaɗa suke yi wa gwanayen ƙauyukansu a iyakar 'yan garuruwan da suke zagawa.

Dambe kuwa asalinsa wasan mahauta ne, ana naɗe hannu ɗaya da zare a yi naushi da shi, ɗayan a yi kariya, ana kiran kowane zagaye turmi, kai mutum ƙasa kuma kisa. Langa wasan yara da matasa ne da ake yi da ƙafa ɗaya, a riƙe ɗayar da hannu ta baya, ƙungiya tana kare ɗan wasanta da ake kira ruwa har ya kai wurin sha. Fulani makiyaya da ke zaune a dazukan yankin suna da nasu gwajin, sharo ko shaɗi, inda saurayi ke tsayawa ƙirji a buɗe a tsula masa bulala, shi kuwa yana duban madubi yana murmushi don a shaida fuskarsa ba ta motsa ba. A nan tabon da ya rage a jiki shi ne shaidar, yana tare da mai shi har tsufa.

Zuwan Turawa ya raba wannan fage gida biyu a kan takarda. Gumel ta shiga hannun Ingila a 1903, a zamanin Sarki Ahmadu, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar Tumbi, tsohuwar hedikwatar masarautar, a ɓangaren Faransa, tare da Dungas da Magarya. Sai dai iyaka ba ta hana aure da ciniki da ziyara ba, kuma kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma, ta ci gaba da haɗa mutanen ɓangarorin biyu. Abin da ya bambanta shi ne yadda gwamnatocin biyu suka ɗauki kokawa bayan samun 'yancin kai a 1960. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da ita wasan ƙasa, ta kafa gasar shekara-shekara wadda zakaranta ke karɓar takobi. An yi ta farko a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, daga baya aka gina filayen kokawa a manyan biranen jihohi, gidan rediyon ƙasar kuma yana watsa wasannin kai tsaye da Hausa. Masu sauraro a Maigatari da Sule Tankarkar ba sa bukatar tafinta, don haka sunaye irin su Langa-Langa na Damagaram, da Isaka Isaka na Doso wanda ya ɗauki takobin sau da dama, sanannu ne a wannan ɓangare na iyaka. Ɗan kokawar Nijar ya sami tsani da zai taka daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha har gaban shugaban ƙasa, abin da takwaransa na ƙasar Gumel bai samu da irin wannan ƙarfi ba.

A Nijeriya hanyar ta bi ta makaranta ne. Makarantun boko sun zo da tsere da tsalle da ƙwallon ƙafa, da gasar gidaje wadda ake yi sau ɗaya a shekara, sun kuma zo da wani sabon ma'auni, wato agogo da tef ɗin awo da kofi da takardar shaida. A karon farko aka iya cewa yaro ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa kaza, a rubuta a ajiye, a kwatanta shi da wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 kuma ya ratsa ta Gagarawa, ya sauƙaƙa zirga-zirga zuwa Kano, inda ƙwallo ta riga ta kafu har ƙungiyar birnin ta ci kofin ƙasa a 1953. Gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a Legas a 1973 ta buɗe ƙofa daga baya ga kokawa da dambe da langa, aka tsara musu dokoki a rubuce, aka raba 'yan kokawa aji-aji bisa nauyi, aka sa alƙali mai usur da ƙayyadadden lokaci. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, matasan masarautar suka sami damar wakiltar jiharsu maimakon yin gogayya da ɗimbin 'yan wasan tsohuwar Jihar Kano. An sami riba a wannan sauyi, domin raba aji ya rage karaya da targaɗe, lambar yabo kuma tana iya zama silar samun aiki ko gurbin karatu. An kuma yi rashi, domin bajintar da aka fi daɗewa ana labarinta a ƙauye ita ce ta siririn saurayin da ya ka da ƙato, kuma dokar nauyi ta hana irin wannan haɗuwa tun daga tushe.

Wasu dalilai sun ƙara rage cikar dandali. Malamai sun daɗe suna sukar dogaro da layu da cakuɗuwar maza da mata da dare da cacar da kan raɓi wasa, kuma sukar ta ƙara ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 20. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974 da na tsakiyar shekarun 1980 ya ƙarfafa al'adar cin rani, wato tafiyar samari birane neman kuɗi bayan girbi, a daidai watannin da a da ake cika fage. Waɗanda suke da ƙarfi da sha'awa sun tarar da gidajen dambe a Kano da Abuja da Legas, inda ake sayen tikiti a shiga, ake kuma sa babur ko mota a matsayin kyauta, 'yan wasa suna karawa da sunan ɓangarorin Arewa da Kudu da Guramaɗa maimakon sunan ƙauyukansu. Wannan sana'a ce sosai, kuma ba laifi ba ne mutum ya ci abinci da ƙarfinsa, amma ta ɗauke gwanaye daga gaban mutanen da suka san iyayensu.

Duk da haka wasa don neman suna bai gushe daga ƙasar Gumel ba. Ana ci gaba da kokawa a ƙauyuka lokacin kaka da bukukuwan naɗin sarauta da na salla, tsofaffin 'yan wasa su ne alƙalai kuma su ne masu koya wa yara riƙo da ajiye ƙafa. A cikin gari kuwa ƙwallon ƙafa ta gaji mafi yawan abin da dandali yake yi. Ƙungiyoyin unguwa, waɗanda 'yan wasansu teloli ne da 'yan acaɓa da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da masu sayar da kaya a kasuwa, sukan yi karo-karo su sayi ƙwallo da riguna, su yi hayar mota zuwa gari maƙwabci, su buga a filin da iska ke cika wa ido da yashi. Ɗan wasan da ya ci ƙwallon da ta kawo kofi unguwarsu yakan sami laƙabi a ranar, kamar yadda kakansa ya samu a fagen kokawa, sai dai yanzu wayar hannu ce ke ɗaukar hoton, a tura ta WhatsApp da Facebook ga 'yan'uwan da suke cin rani a Kano ko Legas ko Damagaram, su ma su aiko da tasu gudummawar kuɗin gasa ta gaba.