Wa Ke Tantance Talaka? Tarihin Rijistar Tallafi a Najeriya

Yau kan rijistar talakawa za mu yi magana, wato kundin da gwamnatin tarayya ke dubawa kafin ta ce wane ya cancanci tallafi, wane bai cancanta ba.

A 2016, zamanin Buhari, aka kafa ofishin NASSCO don haɗa wannan kundi, da bashin dala miliyan 500 daga Bankin Duniya. Jami'ai kan shiga ƙauye, su zaunar da maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi me ake nufi da talauci a garinsu, sannan ya lissafo gidajen da suka fi shiga wani hali. Sai masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida: rufin ciyawa ne ko kwano, ina ake ɗebo ruwa, mutum nawa ke ci a tukunya ɗaya. Waɗanda suka tsallake aka riƙa ba su naira 5,000 a wata, har da kuɗin Abacha dala miliyan 322.5 da Suwizalan ta dawo da su.

To, maƙwabci ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Amma fa maƙwabcin nan yana da ɗan'uwa, kansila ma yana da 'yan jam'iyya. Ni kaina na ga inda sunan mai shago ya fito, na uwar marayu huɗu bai fito ba.

A Yulin 2023 gwamnoni, a zaman Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, suka ce kundin ba abin dogaro ba ne. A Oktoba Tinubu ya ƙaddamar da naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da minista Betta Edu kan zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata, aka tsayar da rabon. Da aka dawo, sai sharaɗi ya zama lambar NIN.

Gaskiya lambar tana toshe sunayen bogi, ban musa ba. Sai dai ku duba wa ta bari a waje. Tsohuwar da a da shaidar maƙwabta ta wadatar mata, yanzu sai ta nemo kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ta wuni a layi, tana fatan na'ura za ta iya karanta yatsun da surfe da daka suka goge.