Ɗan Riƙo da Ɗan Gado: Matsayin Mutanen Kudancin Katsina a Dokar Ingila

A garuruwan Funtua da Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye da su akwai gidaje da yawa da ke ajiye da tsofaffin takardu na zamanin Turawa: rasidin haraji, takardar sallama daga soja, wani lokaci har da lambar yaƙin Bama. A 'yan shekarun nan jikokin masu takardun sukan yi tambaya ko waɗannan za su isa hujjar neman zama ɗan ƙasar Birtaniya, tun da yake an haifi kakanninsu a ƙarƙashin tutar Sarkin Ingila. Amsar tana cikin wani bambanci da Turawa suka kiyaye ƙwarai a littattafan shari'arsu, ko da yake talakan da ke biyan haraji bai taɓa ganin alamarsa ba.

Ƙasar da aka haɗa a 1914 iri biyu ce a wajen doka. Ikko da kewayenta an karɓe su a 1861, suka zama ƙasar mallaka, watau yankin mulkin Sarauniya sosai, wanda aka haifa a can kuwa talakan Sarauniya ne kamar wanda aka haifa a Landan. Arewa kuma, tun daga shelar da Lugga ya yi a Lokoja ran 1 ga Janairu 1900, ƙasar kariya aka kira ta. A ganin alƙalan Ingila ƙasar kariya baƙuwar ƙasa ce, Sarki yana da iko a cikinta bisa dokar 1890 ta ikonsa a ƙasashen waje, amma ba tasa ba ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar da wannan a 1910, cikin shari'ar Sekgome, wani basarake na ƙasar Becuwana da aka tsare ba tare da shari'a ba. Saboda haka mutumin Maska ko na ƙasar Galadima sunansa a doka “wanda Birtaniya ke karewa”. Bahaushe yana da kalmar da ta fi wannan fito da ma'ana, ita ce riƙo. Ɗan riƙo yana ci a gidan, yana yi wa gidan noma, ana hukunta shi in ya yi laifi, amma ran rabon gado ba a kiran sunansa. Masanin fiƙihu kuma zai tuna da Maguzawan wannan yanki, waɗanda suka zauna cikin amanar sarakunan Katsina suna biyan abin da aka aza musu. Misalin bai dace ta kowace fuska ba, amma yana kusa.

Abin lura shi ne, Lugga da bakinsa ya faɗa a Sakkwato a watan Maris 1903 cewa abin da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Turawa da yaƙi. Shekarar nan ya shiga Katsina, a 1906 kuma aka naɗa Muhammadu Dikko. Ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da aza haraji, da hukunta ƙasa, duk sun koma wajen Gwamna. Duk da haka ba a sāke wa ƙasar suna ba, gama sunan kariya yana da amfani ga masu mulki. Da an mai da Arewa ƙasar mallaka, da dokar 1833 wadda ta hana bauta a ƙasashen Ingila ta hau kanta nan take. Da sunan kariya sai aka bi abin sannu: shelar 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga watan Afrilu na shekarar, ba a kuwa kashe bauta ɗungum ba sai 1936. Har Sarki Dikko kansa, sa'ad da ya bi ta Ingila a 1921 kan hanyarsa ta zuwa Makka ya gana da Sarki Joji na Biyar, a doka ba talakan mai masaukinsa ba ne.

Kudancin Katsina ya fi sauran lardin cuɗanya da Ingila ta wajen dukiya. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Lankasha suka kafa a 1902, ya kafa injin gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, hanyar jirgin ƙasa kuma ta ratsa Funtua ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Audugar manomin Bakori da Ɗanja da Ƙafur ta yi shekaru tana sauka Libaful. Samarin yankin sun shiga soja, wasu sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya sāke matsayin mutum a doka. Bautar soja tana jawo lamba, wani lokaci da ɗan kuɗin sallama, amma ba ta mai da wanda ake karewa ɗan ƙasa.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1949, ta ƙago matsayin “ɗan ƙasar Birtaniya da ƙasashen mallakarta”. Mutanen Ikko suka shiga ciki. Mutanen Arewa aka daina lissafa su cikin baƙi, aka kuma ba su damar neman zama ɗan ƙasa ta hanyar roƙo da rantsuwa, amma haihuwa kaɗai ba ta shigar da su ba. A cikin sashe na 5 na dokar akwai wata ƙa'ida da ta cancanci a tsaya a kanta. Asali dai gadon zama ɗan ƙasa hawa ɗaya yake yi a ƙasar waje: Baturen da aka haifa a Ingila yana ba ɗansa, ɗan kuwa ba ya ba jika. Amma idan an haifi jikan, ko ubansa, a ƙasar kariya, sai gadon ya wuce. Watau ɗan ma'aikacin injin gurza da aka haifa a Funtua, haihuwarsa a nan ta ƙara wa zuriyarsa hawa guda, alhali ɗan leburan da ke ɗaukar buhu a injin, wanda aka haifa a gari ɗaya a mako ɗaya, ƙasar haihuwarsa ba ta ba shi wannan matsayi ba.

Ran 1 ga Oktoba 1960 aka warware abin. Tsarin mulkin Nijeriya ya ce duk wanda aka haifa a tsohuwar ƙasar mallaka ko ta kariya ya zama ɗan Nijeriya, muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a nan aka haife shi. Dokar Majalisar Ingila ta ba da mulkin kai kuma ta ce wanda ya zama ɗan Nijeriya ya rabu da tsohon matsayinsa, sai fa wanda shi, ko ubansa, ko kakansa na wajen uba, aka haifa a Birtaniya ko a wata ƙasar da ta rage a hannunta. Da haka bambancin Ikko da Funtua ya ƙare rana ɗaya, har jikan mutumin Ikko ma ba shi da abin da zai gāda ta wannan hanya. Akwai abin dariya a nan: dokar 1948 tana kiran 'yan ƙasashen Kwamanwel duka talakawan Sarauniya, saboda haka manomin Malumfashi bai sami wannan suna ba sai ranar da aka sauke tutar Ingila. Sunan ya ba shi ikon shiga Ingila ba shamaki har tsakiyar 1962, sa'ad da dokar ƙayyade baƙin Kwamanwel ta rufe ƙofar. Sunan kansa kuma ya faɗi a 1983.

Waɗanda ke da hujja ta gaske a yankin ba su da yawa. Akwai waɗanda aka haifa a Arewa amma iyayensu da kakanninsu duka baƙi ne, kamar wasu 'ya'yan Kwarori 'yan kasuwa. Su tsarin mulkin 1960 bai ɗauke su ba, sai suka wanzu cikin kariyar Birtaniya, kuma tun 2003 wanda ba shi da wata ƙasa daga cikinsu yana iya yin rajista ya zama cikakken ɗan ƙasa. Akwai kuma zuriyar Turawa ma'aikata da 'yan kamfani waɗanda suka haihu da matan ƙasa. Tsohuwar doka ta uba kaɗai take bi, uban ma sai da auren da doka ta yarda da shi, saboda haka yawancin irin waɗannan 'ya'ya an bar su waje. An gyara sashen uwa a 2003 da 2010, na 'ya'yan da ba na aure ba a 2006 da 2015, dokar 2022 kuma ta ba Sakataren Harkokin Cikin Gida ikon yi wa mutum rajista idan rashin adalcin tsohuwar doka ne ya hana shi. Wahalar a nan ta shaida ce, domin da wuya a sami sunan uban a rubuce a wata takarda.

Hanyar da ta fi kowace faɗi ba ta da alaka da kakannin zamanin Lugga. Tun daga 1945 malaman Arewa suka fara tafiya Landan ƙaro ilmi, bayan mulkin kai kuma ɗalibai da ma'aikata suka riƙa tafiya da iyalinsu. Duk yaron da aka haifa a Birtaniya kafin 1 ga Janairu 1983, in ba ɗan ma'aikacin jakadanci ba, ɗan ƙasa ne ta haihuwa, ko da an dawo da shi Funtua yana goye. 'Ya'yansa na iya gādonsa hawa ɗaya. Jikokinsa ba su gāda, amma da yake 'yan Kwamanwel ne masu kaka haifaffen Birtaniya, suna iya neman bizar zuriya ta shekara 5 wadda ke ba da izinin aiki. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe ƙasa biyu, abin da na 1960 ya hana. Takardar da ofishin Birtaniya ke nema a wannan hanya ita ce ta haihuwa daga magajin rajista na can, tare da takardun da suka haɗa mai nema da mai sunan.