Jiragen Marayu na Amurka: Tarihin da Marubuta Suka Ɗebo Labari Daga Cikinsa

A shekarar 1854 wata tawagar yara sama da arba'in ta tashi daga birnin New York, ta bi ruwa ta bi jirgin ƙasa, har ta sauka a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Dowagiac a jihar Michigan. Aka jera su a gaban mutanen gari, manoma suka zo suka duba, kowa ya ɗauki wanda ya kwanta masa a rai ya tafi da shi gida. Wannan tafiya ce mafarin abin da daga baya aka riƙa kira jiragen marayu, kuma ba a daina ba sai 1929. An ƙiyasta cewa yaran da aka kwasa daga biranen gabas a tsawon waɗannan shekaru sun kai dubu 200, wasu ma suna cewa dubu 250.

Wanda ya assasa shirin shi ne Charles Loring Brace, malamin addinin Kirista ɗan ɗariƙar Furotesta, wanda ya kafa ƙungiyar agaza wa yara ta Children's Aid Society a 1853. A lokacin New York ta cika maƙil da baƙin haure, musamman mutanen Ailan da yunwa ta koro daga ƙasarsu, da kuma Jamusawa. Yara na kwana a lungu da ƙarƙashin matakala, da rana su yi tallan jarida ko goge takalma. Brace bai yarda da tara yara a gidan marayu ba. A ganinsa, babu inda ya fi gidan manomi dacewa da tarbiyyar yaro, ga shi kuma gonakin yamma na neman hannuwa. Sai dai ba tausayi kaɗai ke tafe da shi ba: littafin da ya wallafa a 1872 sunansa ma yana kiran talakawan birnin da rukunin mutane masu haɗari. Akwai tsoron abin da yaran za su zama idan an bar su a titi.

Kafin jirgi ya iso, akan lilliƙa sanarwa a gari, a kuma naɗa kwamitin manya, irin su limamin coci da likita da ɗan kasuwa, don tantance masu nema. Ran isowa sai a hau da yaran kan dandamali a coci ko zauren taro. Waɗanda suka rayu har suka ba da labarinsu sun ce akwai manoman da kan matsa damtsen yaro, su buɗe bakinsa su duba haƙora, tamkar mai cinikin doki a kara. Wanda ba a zaɓa ba ya koma jirgi, a gwada sa'arsa a gari na gaba. Ta haka aka raba wa da ƙane, ya da ƙanwa, wasu har abada.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar maraya. Da yawa daga cikin yaran nan suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne, ko ciwo, ko shaye-shaye, ya raba su. Haka kuma kada a ɗauka abin ya yi daidai da riƙo irin wanda muka sani, inda yaro kan je hannun goggo ko kawu yana sane da asalinsa. A can sau da yawa har suna akan canja masa.

Katolika sun zargi Brace da kwashe ƴaƴansu yana kai su gidajen Furotesta. Gidan jarirai na New York Foundling, wanda mata masu zaman zuhudu suka buɗe a 1869, ya shiga aikin da tsarinsa: limamin coci ne ke nemo iyali tun kafin a taso, yaro ya iso da lambarsa. A 1904 suka kai yara arba'in garuruwan Clifton da Morenci na masu haƙar tagulla a Arizona, suka damƙa su ga iyalai Katolika ƴan asalin Meziko. Turawan garin suka ce ba za a bar fararen yara a hannun waɗannan ba, suka fita da makamai suka ƙwace da dama daga cikinsu, kotu kuma ta bar musu su. Wasu yaran kuwa sun dace: Andrew Burke da John Brady, waɗanda aka kai Indiyana a 1859, ɗaya ya zama gwamnan Dakota ta Arewa, ɗayan ya zama gwamnan yankin Alaska.

Daga wannan rijiya ce marubutan ƙagaggun labarai suka yi ta ɗiba. Joan Lowery Nixon ta fara jerin littattafanta na matasa da A Family Apart a 1987, labarin yara shida ƴan gidan Kelly waɗanda mahaifiyarsu, bayan rasuwar mijinta, ta miƙa su aka kai Missouri. Wanda ya fi shahara shi ne Orphan Train na Christina Baker Kline, na 2013. Tauraruwarsa yarinya ce ƴar Ailan mai suna Niamh, wadda gobara ta raba da iyayenta, aka kai ta Minnesota a 1929. Gida na farko suka mai da ita Dorothy suka ɗora ta a keken ɗinki. Gida na uku suka ba ta sunan ƴarsu da ta rasu, Vivian. Marubuciyar ta haɗa tsufanta da wata budurwa ta zamanin yau, Molly, wadda ita ma ke yawo daga gidan riƙo zuwa wani a jihar Maine.

Dalilin da ya sa ƙirƙira ta sami gurbi a nan a fili yake: yawancin yaran sun girma suna ɓoye asalinsu don kunya, takardunsu kuma sun daɗe a kulle, sai marubuci ya cike giɓin. Amma a ganina labaran sun fi son gefe biyu, muguwar uwar riƙo ko gida mai albarka. Yaron da aka ciyar, aka tufatar, ya yi noma har ya girma, ba a doke shi ba kuma ba a taɓa kiransa ɗa ba, shi ne ya fi wuyar rubutawa, shi ne kuma ba a cika gani a shafi ba.

Shirin ya mutu a hankali. Jihohin yamma suka kafa dokokin taƙaita shigo da yara, taron da Shugaba Theodore Roosevelt ya kira a 1909 ya goyi bayan barin yaro a hannun iyayensa, jihohi kuma suka fara ba matan da mazansu suka rasu tallafin kuɗi. A garin Concordia na jihar Kansas, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta zama gidan tarihin waɗannan yara tun 2007, jikokinsu na zuwa neman sunan da kakansu ya taso da shi daga New York.