Gani Ya Kori Ji? Tarihin Na'ura Mai Magana da Halin da Ta Tarar a Sabon Tasha



Kudancin kogin Kaduna ba baƙon na'ura ba ne. Tun da Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita Kaduna a 1917, saboda hanyar jirgin ƙasa, wannan sashe ya zama masaukin injuna. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, a 1975 kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci, sa'an nan a 1980 aka buɗe matatar mai, wadda hanyar Kachia ke kai mutum gare ta in ya ratsa Sabon Tasha. Waɗannan injuna su suka jawo Bajju da Atyap da Ham da Ibo da Yarabawa da Hausawa suka zo suka tarar da Gbagyi, kowa da harshensa, amma ciniki da gaisuwa da faɗa duk da Hausa ake yi. Injunan can hannu suke nema. Da masaƙu suka durƙushe a farkon ƙarnin nan, hannaye dubbai suka rasa abin yi. Na'urar da zan ba da tarihinta yau ba ta da hayaƙi, a aljihu take kwana, kuma abin da ta zo ta taɓa shi ne baki, watau magana da amanar da ke cikinta.

Ana kiranta ƙirƙirarriyar basira. Mai son jan asali yana iya kai ta Bagadaza, wurin Alkawarizmi na ƙarni na tara, wanda daga sunansa Turawa suka samo kalmar da suke kiran jerin matakan lissafi da ita. Amma tarihinta na kusa ya fara ne a 1950, sa'ad da wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya kawo wata jarrabawa: a sa mutum ya yi hira a rubuce da abokan magana biyu da ba ya gani, ɗaya ɗan Adam ɗaya na'ura, in ya kasa rarrabe su, to na'ura ta ci. A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Tun ran gini, ma'aunin da aka kafa wa wannan ilmi shi ne iya kwaikwayo har a ruɗi mai sauraro, ba faɗin gaskiya ba. A 1956 John McCarthy da abokansa suka taru a kwalejin Dartmouth a Amurka suka raɗa wa fannin suna. Shekara goma bayan haka Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiri ELIZA, wadda ba ta yin komai sai juya maganar mutum ta mayar masa da ita a matsayin tambaya. Duk da haka mutane suka riƙa faɗa mata asirinsu, abin da ya tsorata shi kansa maƙerin nata.

Daga nan abin ya yi ta tafiyar hawainiya, a zuba kuɗi, a yi alkawari, a kasa cikawa. A 1997 na'urar Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov a darar Turawa. Juyin gaske ya zo ne a 2012, da aka nuna cewa in an tara wa kwamfuta hotuna miliyoyi za ta koyi gane abubuwa da kanta, sai kuma 2017, da ma'aikatan Google suka fito da dabarar da ke koyon harshe ta irin wannan hanya. A ƙarshen Nuwamba na 2022 aka saki ChatGPT ga kowa da kowa.

Yaya take aiki? In na ce “gani ya kori”, babu wanda ke zauren nan da ba zai cike mini da “ji” ba, domin kunnensa ya saba. To, haka take yi. An ɗura mata rubutu mai yawan da mutum ba zai karance ba ko da ya yi shekara dubu, ta lura da kalmar da ta saba bin wata, tana cankar ta gaba, tana ƙarawa, har ta cika shafi. Ba ta je ko'ina ba, ba ta ga kowa ba. Malamanmu na zaure in sun kawo magana sukan faɗi daga wanda suka ji ta, shi ma daga wa ya ji, har a kai tushe. Wannan ɗaliba kuwa ta haddace littattafan duniya, amma ba ta da isnadi. Bara wani ɗalibina ya kawo mini takarda tsaf, Hausarta ba laifi, ya kafa hujja da wani littafi da ya jingina wa Abubakar Imam. Na nema na rasa, domin Imam bai taɓa rubuta shi ba. Yaron bai yi niyyar ƙarya ba, na'ura ce ta shirya masa, shi kuma ya yarda.

Amfaninta dai ba a musunsa, kuma ya riga ya shiga kasuwa. Wayar da ke buɗewa in ta ga fuskar mai ita, da na'urar BVAS da ta tantance masu zaɓe a 2023, da fassarar Google wadda ta karɓi Hausa tun 2013, da abin da ke zaɓar wa matashi bidiyon da zai gani a Facebook ko TikTok, duk dangi ɗaya ne. Sai dai Hausar da ta koya ta rubutu ce, ta gidajen rediyon ƙetare da jaridu da fassarar littattafan addini. Hausar Sabon Tasha, wadda sau da yawa ba ta damu da bambanta “ya” da “ta” ba, wadda ke tafe da Turancin buroka a kafaɗa, ba a cika rubuta ta ba, saboda haka na'ura ba ta ƙoshi da ita ba. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna ƙoƙarin tara mata harsunanmu, aikin kuwa ya cancanci yabo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kowa a nan ya san abin da ya faru a Kaduna a Fabrairu da Mayu na 2000, da Nuwamba na 2002, da Afrilu na 2011, da yadda jama'a suka kwashi kaya, Kirista suka yi kudu, Musulmi suka yi arewa, har kogi ya zama iyaka. Sabon Tasha ta cika ta batse ne a wannan ƙaura. Ba ji-ta-ji-ta kaɗai ta haddasa waɗannan fitinu ba, akwai siyasa da talauci da tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, amma ita ce ke ɗaukar wuta daga unguwa zuwa unguwa. A da, mutumin da ke Kakuri yana da maƙwabci na ɗaya addinin da zai leƙa ya tambaya. Yau maƙwabcin yana hayi, labarinsa sai ta waya. A 2018 BBC ta binciko yadda aka yaɗa hotunan gawarwaki na wasu wurare dabam a Facebook aka ce na Filato ne, rayuka suka salwanta. Waɗancan tsofaffin hotuna ne aka sauya wa suna, ana iya gano asalinsu. Na'urar yau tana ƙaga hoton da ba a taɓa ɗauka ba, tana kuma sauraron muryar limami ko fasto na ɗan lokaci kaɗan ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Har ila yau akwai ɓarna ta biyu da ba a cika lura da ita ba: wanda ya yi maganar banza da bakinsa, aka naɗa, yanzu ya sami mafita, sai ya ce na'ura ce.

Ba wannan ne karo na farko da hukuma ta ji tsoron ji-ta-ji-ta a ƙasar nan ba. Ɗaya daga cikin dalilan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 shi ne kashe ƙarairayin da ke yawo game da Jamus gab da yaƙin duniya na biyu. Jarida ce ta 'yan mulkin mallaka, tana da nata son rai, amma tana da edita mai suna da ofishin da za a kai ƙara. Nijeriya ta kafa cibiyar wannan fasaha a Abuja a 2020, ta kuma yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, wadda ta dace da zamanin da kamfanonin bashi na waya ke kwashe lambobin mutum su kunyata shi wurin surukansa. Amma doka sai an yi laifi take tashi. Masu tantance labarai irin su Dubawa sukan kwana suna bin diddigin hoto guda, alhali saƙon murya da aka saki a Sabon Tasha yana isa Kawo kafin mai babur ya kai gadar kogi.