Yadda Likitocin Sin Na Dā Suka Haɗa Ciwon Jiki Da Damuwar Rai

Yau shirin namu zai yi nisan zango, don ƙasar Sin za mu leƙa, mu ji yadda likitocinsu na dā suka ɗauki ciwo da lafiya.

Littafin da Sinawa suke ɗauka a matsayin tushen likitancinsu sunansa Huangdi Neijing. An harhaɗa shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, an tsara shi kamar hira ce tsakanin wani sarki da masanan fadarsa. Abin da ya koyar shi ne, jikin mutum yana tafiya ne bisa daidaito tsakanin abubuwa biyu masu kishiyantar juna, yin da yang. Yin shi ne ɓangaren sanyi da danshi da hutu, yang kuwa zafi da motsi. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, ciwo ya samu ƙofa. Wannan ba zai zame mana baƙo ba, mu da muke cewa wance sanyi ya kama ta, ko zafi ya yi mata yawa. Sun kuma ce akwai wani ƙarfi da suke kira ci, wanda yake zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya toshe sai wurin ya yi ciwo. Allurai siraran nan da ake soka wa majiyyaci, a ganinsu, buɗe hanyar suke yi.

Inda na fi so mu tsaya shi ne maganar zuciya. Littafin ya raba wa kayan ciki biyar halin da yake taɓa kowanne: fushi na cutar da hanta, baƙin ciki na taɓa huhu, yawan tunani na raunana saifa, tsoro na bugun ƙoda, farin cikin da ya wuce kima kuma na girgiza zuciya. A cikin zuciyar ne suka ce shen yake zaune, wato hankali da natsuwar mutum, wanda likita yake dubawa a hasken idon majiyyaci. Wasu na fassara shi da ruhi, amma kada ki haɗa shi da ruhin da malamanmu suke karantar da mu, fahimtarsu ce daban. Saboda wannan ra'ayi, likitan Sin ba ya tsayawa ga inda ke ciwo. Zai duba fuska da harshe, ya saurari murya, ya yi tambaya kan barci da abinci da zaman gida, sannan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannu ya ji bugun jijiya.

To, nan fa matsalar mata ta taso. A manyan gidajen Sin na zamanin daular Ming, mace ba ta fita, kuma namijin da ba nata ba ba ya ganin ta. In likita ya zo, sau da yawa ta bayan labule za ta miƙo hannu, mijinta ko wani namijin gidan shi ke faɗin abin da yake damun ta. Ki duba fa, likitancin da ya dogara ga kallo da tambaya, an hana shi kallon, tambayar kuma wani ke amsawa. Wace mace ce za ta ce wa mijinta ya gaya wa likita cewa halinsa ne ya hana ta barci?

Wata mata mai suna Tan Yunxian, haifaffiyar 1461 a garin Wuxi, ta cike wannan giɓi. Wurin kakanninta ta koyi aikin, musamman kakarta mace, wadda ta bar mata littattafai da kayan haɗa magani. Ta yi aure ta haihu kamar kowa, ta fara da jinyar kanta da 'ya'yanta, daga baya mata suka riƙa neman ta. A 1511 aka buga littafinta mai ɗauke da labarin majiyyata 31. Da yake mace ba ta shiga harkar maɗaba'a, ɗanta ne ya kwafe shi ya kai aka buga. A ciki akwai masu rikicewar al'ada, da masu yawan ɓari, da marasa haihuwa, da masu ciwon bayan haihuwa. Abin da ya burge ni shi ne, takan rubuta tarihin matar tare da ciwon: wannan aikin wahala ne ya cinye ta, waccan kuma takaicin miji ne ta daɗe tana haɗiyewa. Maganin nata saiwoyi ne da ganyaye, da ƙona wani busasshen ganye a kan wasu gurabe na jiki. Ko maganin ya yi aiki yadda ta zata ko bai yi ba, a ganina rabin sauƙin ya samu tun lokacin da majiyyaciyar ta tarar da wadda za ta zauna ta saurare ta. Ta haura shekara 90 kafin ta rasu.

Da likitancin Turawa ya shigo Sin, sai aka fara yi wa na gargajiya kallon camfi. A 1929 har an kawo ƙudurin soke shi, masu sana'ar suka taru a Shanghai ranar 17 ga Maris suka yi bore, aka janye. A shekarun 1950 gwamnatin Mao ta buɗe masa kwalejoji, ta sa a riƙa koyar da shi tare da na zamani.

Me binciken zamani ya ce? Ba a ga ci a cikin jiki ba, ba a ga hanyoyinsa ba, kuma fushi ba a hanta yake taruwa ba. Amma cewa damuwa mai daɗewa tana taimaka wa hawan jini, tana hana barci, tana dagula ciki da al'ada, wannan likitocin asibiti ma sun tabbatar. Don haka in kin je awo aka ce jininki ya hau, kada ki tsaya ga karɓar ƙwaya kawai, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya abin da yake cin ranki. Kuma in kika ga mai jego ta yi shiru, ba ta ci, ba ta son ɗaukar jaririnta, kada a ce shagwaɓa ce. Ciwo ne da asibiti ke da maganinsa.

Akwai kuma kyautar da tsofaffin littattafan nan suka yi mana har cikin ɗakunanmu. A 1969 aka ɗora wa wata masaniya, Tu Youyou, aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Ta gwada wani ganye mai suna cinghao, ɗan'uwan tazargade, sakamakon ya ƙi tsayawa. Sai ta karanta a littafin wani likita, Ge Hong, na wajen shekara 1,600 da suka wuce, cewa jiƙa ganyen ake yi a matse, ba a dafawa. Ta gane ashe zafi ne ke lalata maganin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki, har ta gwada a jikinta kafin a ba majiyyata. Daga nan aka samu sinadarin da ke cikin magunguna irin su Coartem da ake ba yaranmu. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa shan ruwan ganyen a madadin ƙwayar ba, don ba a san yawan maganin da ke cikin kowane kofi ba.

Kuma don abu ya fito daga Sin, ko an ce ganye ne zalla, bai zama lafiyayye ba. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, mata kimanin 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka sa wa wata saiwar Sin mai guba bisa kuskure. Wasu sai da aka yi musu dashen ƙoda, wasu kuma daji ya kama mafitsararsu daga baya. Saboda haka in dillaliya ta shigo miki da shayin rage tumbi mai rubutun Sinanci, ki duba lambar NAFDAC, ki kuma aika da kwalin a nuna wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna kafin ki kai baki, balle in kina da juna biyu ko kina shayarwa.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.