Sauya Makamashin Tukunyar Nukiliya ta Zariya da Iyakar Hidimar da Za Ta Iya Yi wa Masana'antu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tukunyar bincike ta NIRR-1 da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, bayan sauya mata makamashi a 2018 daga yuraniyum da aka tace zuwa kashi 90.2 cikin 100 zuwa wanda bai wuce kashi 13 ba. An ɗauki alƙaluman ƙirar tukunyar da aka riga aka wallafa, aka ɗora lissafi a kansu domin a auna irin aikin da za ta iya yi wa masana'antu. An gano cewa sauyin bai rage mata ƙarfin aiki ba. Abin da ke taƙaita ta shi ne gajeren lokacin da take iya yi tana aiki a jere, kuma wannan daga ƙirarta ya samo asali. Saboda haka ta dace da tantance samfurori da samar da ƙwayoyin bin sawu masu gajeren wa'adi, amma ba ta dace da samar da manyan tushen haske na masana'antu ba.

1.0 Gabatarwa

A ranar 3 ga Fabrairu, 2004 ne NIRR-1 ta fara aiki. Ƙaramar tukunya ce daga cikin samfurin da ake kira MNSR, wanda Cibiyar Makamashin Atom ta ƙasar Sin ta ƙera, kuma akwai 'yan'uwanta a Gana da Iran da Pakistan da Siriya. Ba ta ba da wutar lantarki, ba a kuma gina ta don haka ba. Aikinta shi ne samar da ƙwayoyin nutiron da za a haska samfurin ƙasa ko dutse ko ganye da su, a gane sinadaran da ke ciki.

Yuraniyum kamar yadda ake haƙo shi a Arlit ta Jamhuriyar Nijar yana ɗauke da kusan kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na nau'in U-235, wanda shi ne ke tsagewa ya ba da makamashi. Duk wanda aka tace ya kai kashi 20 ko fiye, ƙa'idar duniya ta ɗauke shi a matsayin mai babbar tacewa, kuma na kashi 90 shi ne irin wanda ake haɗa makami da shi. Dalilin sauyin ke nan. Tsaro ne ya kawo shi, ba wata matsalar injiniya ba. Tambayar da ta rage wa masu amfani da tukunyar ita ce: me aka rasa a wannan musaya, kuma me ya rage da za a iya yi wa masana'antun da ke kewaye da ita?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An dogara da bayanan ƙira na tsohuwar cibiyar tukunyar (wato ɓangaren da sandunan makamashi suke) da sabuwa, da sanannun alƙaluman rabin wa'adin ƙwayoyi, wato tsawon lokacin da haskensu ke ɗauka kafin ya ragu da rabi. Lissafin da ke sashe na 4 da na 5 na marubucin ne, kuma ƙiyasi ne na alƙalami, ba awon ɗakin gwaji ba.

3.0 Abin da Aka Sauya

Tsohuwar cibiyar tana da sandunan makamashi 347, kowanne gamin yuraniyum da alminiyum ne a cikin kuben alminiyum, kuma jimillar U-235 da ke ciki ta ɗan haura kilo ɗaya. Sabuwar tana da sanduna 335 na yuraniyum oksaid a cikin kuben gamin zakoniyum. Tsawo da kaurin sandunan ba su canza ba, domin dole sabuwar cibiya ta shiga gurbin tsohuwar, a cikin zoben biriliyum da ke kewaye da ita yana mayar da nutiron ciki. Da yake oksaid ɗin ya ninka tsohon gamin nauyi kusan sau uku, an sami damar cusa yuraniyum kusan kilo 10 a gurbin da a da ke ɗauke da kilo ɗaya da 'yan kai.

Ba a yi aikin dare ɗaya ba. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta buɗe binciken haɗin gwiwa a kan sauya tukwanen MNSR a 2006, tare da ɗakin bincike na Argon da ke Amurka. Sin ta sauya tukunyarta ta asali a 2016, Gana ta biyo baya a 2017, kuma a can Gana aka horar da ma'aikatan Zariya yadda za su zaro tsohuwar cibiya. Sabuwar ta fara aiki a Nuwamba 2018, aka kwashi tsohuwar ta jirgin sama zuwa Sin a Disamba. NIRR-1 ce tukunyar bincike ta ƙarshe a Afirka da ta rabu da makamashi mai babbar tacewa.

Farashin da aka biya yana nan a cikin U-238, wanda yanzu shi ne kashi 87 na yuraniyum ɗin. Yana haɗiye nutiron ba tare da ya tsage ba, don haka sai da aka ƙara yawan U-235 kafin tukunyar ta iya tashi. Idan kuwa U-235 ya yi yawa, ƙarancin nutiron ya isa ya ba da zafin da ake samu a da. Ma'ana, a ƙarfi iri ɗaya kwararar nutiron za ta ragu da wajen kashi 10 cikin 100. Mafita mai sauƙi aka bi: aka ɗaga ƙarfin tukunyar daga kilowat 31 zuwa 34, kwararar nutiron a ramukan haskawa na ciki ta koma inda take, wato tiriliyan ɗaya a kowane murabba'in santimita a cikin daƙiƙa. Idan aka raba kilowat 34 ga sanduna 335, kowace sanda wajen wat 100 take fitarwa, daidai da tsohon ƙwan lantarki na tsakar gida. Ruwan da ke zagayawa da kansa ya isa ya sanyaya wannan ba tare da famfo ba. Ta fuskar juriya ma an ci riba, domin alminiyum na narkewa a digiri 660, gamin zakoniyum sai ya haura 1,800, shi kuwa oksaid ɗin sai wajen 2,800.

4.0 Inda Iyakar Take

Kowace tukunya tana da rarar kuzari, wato abin da ya ɗara kan wanda take buƙata don tsagewar ta ci gaba da kanta. Ana auna ta da ma'aunin mk, kashi ɗaya cikin dubu. A tukwanen MNSR an ƙayyade rarar tsakanin mk 3.5 da 4.0, kuma ta tsohuwar cibiyar Zariya mk 3.77 aka auna a lokacin ƙaddamarwa. Ba a zaɓi wannan adadi da ka ba. Wani ɗan kaso na nutiron ba ya fita nan take bayan tsagewa, sai bayan daƙiƙoƙi, kuma wannan jinkiri ne ke ba da damar a sarrafa tukunya. A MNSR kason ya kai kimanin mk 8. Muddin rarar ba ta wuce rabin wannan ba, ko da an zare sandar kadmiyum ɗaya tilo da ke sarrafa tukunyar gaba ɗaya, ƙarfin zai tashi ne a hankali, ruwan ya yi ɗumi, ya faɗaɗa, ya kasa rage gudun nutiron kamar da, sai tukunyar ta ja wa kanta burki. Shi ya sa za a iya ajiye ta a harabar jami'a hankali kwance.

Sai dai abin da ke kare ta shi ne ke ɗaure ta. Da zarar an kunna, ɗumin ruwa zai fara cin rarar. Sannan sinadarin zinon-135 ya fara taruwa, wanda ke fitowa daga aidin-135 mai rabin wa'adin awa 6.6, kuma ba a san wata ƙwaya da ta kai shi haɗiye nutiron ba. Mai aiki zai ga sandar kadmiyum tana ta ɗagawa sama da kanta don ta cike giɓin, har ta kai ƙarshe, daga nan kwararar nutiron ta soma sauka. A cikakken ƙarfi wannan yakan faru bayan awa huɗu zuwa biyar. A rabin ƙarfi ana samun lokaci fiye da haka, shi ya sa yawancin aikin yau da kullum a rabin ƙarfi ake yin sa. Shi kuma zinon, da rabin wa'adinsa na awa 9.1, ba ya gama gushewa kafin wayewar gari, don haka aikin yau yana rage na gobe.

Makamashin kansa ba ya ƙarewa da wuri. Megawat ɗaya na tsawon yini yana tsaga wajen giram ɗaya na U-235. Ko da tukunyar ta yi awa 1,000 a cikakken ƙarfi cikin shekara, abin da za ta ci bai kai giram 2 ba daga cikin fiye da giram 1,000. Ɗan abin da rarar ke raguwa kuwa, faifan biriliyum ake ƙarawa a saman cibiyar a maido da shi.

Yanzu a ɗauki awa 4 a matsayin tsawon haskawa. Hasken da ƙwaya za ta tara ya danganta ne da yadda wannan lokaci yake idan aka kwatanta da rabin wa'adinta. Manganis-56, mai awa 2.58, zai kai kashi 66 cikin 100 na iyakar abin da zai iya tarawa. Sodiyum-24, mai awa 15, zai kai kashi 17. Biromin-82, mai awa 35, wajen kashi 8. Kobal-60, mai shekara 5.27, ko kashi ɗaya cikin dubu goma ba zai kai ba. Waɗannan alƙaluma huɗu sun isa su raba abin da zai yiwu a Zariya da abin da ba zai yiwu ba.

5.0 Hidima ga Masana'antu

Aikin farko shi ne tantance samfuri. Ana niƙa dutse, a auna wajen miligiram 150, a ɗaure a leda mai tsabta, a sa a 'yar kwalbar roba, iska ta tura ta cikin bututu zuwa ramin haskawa. Bayan mintuna ta dawo, a ɗora ta kan na'urar jamaniyum mai karanta hasken gama. Kowane sinadari da nasa ƙarfin haske, ta haka ake gane shi, yawan hasken kuma ya nuna adadinsa. Ba a narka samfurin da asid, don haka babu fargabar gurɓata shi a hannu. Ga kamfanonin siminti irin na Sakkwato da Ashaka da Obajana da Malbaza, waɗanda ingancin kayansu ya rataya a kan daidaiton dutsen siminti da yumɓu, wannan hanya ce mai zaman kanta ta tabbatar da abin da na'urorin ɗakin gwajinsu ke faɗa. Ba za ta maye gurbinsu ba, domin masana'anta tana son amsa cikin mintuna, ba bayan mota ta kai Zariya ta dawo ba.

Akwai tarko a nan da ya kamata a kula da shi bayan sauyin. Nutiron masu gudu suna mayar da silikon-28 ya zama alminiyum-28, su mayar da ƙarfe-56 ya zama manganis-56. Wanda ya haska yumɓu mai yawan silika a ramin ciki zai ga alminiyum fiye da wanda ke akwai. Awon da Farfesa S. A. Jonah da abokan aikinsa suka yi a tsohuwar cibiya ya nuna cewa nutiron masu sanyin gudu sun ninka matsakaita kusan sau 19 a ramin ciki, kusan sau 48 a na waje. Tunda kayan cikin cibiyar sun canza, bai kamata a ɗauki gyaran lissafi na da a ɗora wa samfurin yau ba sai an tabbatar da shi da sabon awo. Haka kuma hanyar ba ta ganin dalma yadda ya kamata, domin dalma ba ta ba da hasken gama mai amfani bayan haskawa. Gano gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba aikin wannan tukunya ba ne, ko da yake tana ganin zinare da arsanik da ke tare da ita sarai.

Aiki na biyu, wanda a ganin marubucin ba a ba shi kulawar da ta kamata ba, shi ne bin sawu. Injiniya yana son ya san tsawon lokacin da kaya ke yi a cikin injin niƙa ko tankin gauraya ba tare da ya tsayar da aiki ba. Sai a jefa 'yar ƙwaya mai haske a mashiga, a kafa na'urori a bayan bangon ƙarfen, a bi ta har mafita. A lissafi, lokacin zaman shi ne girman tanki a raba da saurin kwarara. Idan awon ya nuna kaya na fita da wuri fiye da haka, to wani sashe na tankin ya toshe ko kayan na yanke hanya. Sodiyum-24 ya dace da wannan, domin haskensa mai ƙarfin MeV 1.37 da 2.75 yana ratsa ƙarfe mai kauri, kuma bayan mako guda kusan babu sauransa.

Giram ɗaya na sodiyum kabonet yana ɗauke da giram 0.43 na sodiyum. Idan aka haska shi awa 4 a cikakkiyar kwarara, lissafi ya ba da kusan gigabekerel ɗaya. Tafiyar awa 3 zuwa Kano za ta rage kashi 13 kawai, ta awa 8 kuwa wajen kashi 31. Ke nan matsalar ba ta nisa ba ce, ba kuma ta ƙarfin tukunya ba. Bututun iskan an yi shi ne don samfurori masu ɗan haske da ake ɗauka da hantsaki. Abu mai gigabekerel yana buƙatar ɗaki mai garkuwar dalma, da tulun jigila, da izinin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya a kan haskawar da safarar duka.

Manyan tushen kobal-60 da siziyum-137 da ake leƙa cikin hasumiyar tace mai ko auna cikar tanki da su, dole a ci gaba da sayo su daga waje. Haka molibdinam-99 na asibitoci, wanda ke buƙatar tukunya mai ƙarfin megawat da ke kwana da yini tana aiki. Duk wanda ya yi wa masu tsara kasafi alƙawarin waɗannan daga tukunyar kilowat 34 ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

6.0 Shawarwari

Ga Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, a riƙa sabunta awon ramukan haskawa goma na sabuwar cibiya a wallafa shi tare da gyaran silikon da ƙarfe, domin masana'anta ba za ta amince da sakamakon da ba ta ga tushensa ba. Ga hukumomin da ke ba da kuɗin bincike, ɗaki guda mai garkuwa da tulun jigila mai lasisi sun fi kowane sabon gini muhimmanci a wannan mataki. Ga injiniyoyin kamfanonin siminti da taki da sarrafa ma'adinai kuwa, su fara da aika samfurin da suka riga suka auna a ɗakin gwajinsu, su gwada sakamakon biyu kafin su yanke hukunci.